Ranar da Auta ta kasa cewa «Yaya»

Ranar Litinin ce cikin hunturu, hazo ya rufe gari. A lakwal ɗin ƙauyenmu, can gefen hanyar Kornaka, ƴan mata ke share aji kafin mushe ya shigo. Ajin na zana ne, ƙasansa rairayi, ko ina tsintsiya ta taɓa sai ƙura ta tashi. Lokacin ina CM2, autarmu tana CE1. Sai ga wani yaro da gudu: «Zo, ƙanwarka ba lafiya!»

Na iske ta durƙushe, ƙirjinta na fito, haƙarƙarinta na lotsawa. Ta buɗe baki za ta ce «Yaya», kalmar ta ƙi fita. Yara sun yi mata zobe. Tsohuwa mai ƙosai ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi turare. Mushe ya kwantar da ita bisa tabarma yana yi mata fifita. Kowa alheri ya nufa, amma kwanciyar da hayaƙin su suka ƙara shaƙe ta.

A amalanke muka kai ta ɗakin likitan ƙauyen da ke gaba da mu. Madam ɗin da muka tarar ba ta daɗe da dawowa daga wani horo a Dakoro ba. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. «Ƙanena, riƙe ta zaune, kada ka bari ta kwanta.» Ta ɗauko Ventoline da wata gorar roba ta rabin lita da aka huda gindinta. Ta cusa maganin a hudar, ta sa wa Auta bakin gorar a baki. Fesa ɗaya, numfashi biyar ko shida, sannan wata fesar. Can sai na ji: «Yaya, ƙishi nike ji.» Wallahi ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba.

«Fuka ce, asma,» in ji madam. Hanyoyin iska na huhu ke kumbura su tsuke, ƙura da hayaƙi da sanyi ke tada ta. Gorar kuma ba dabarar talauci ba ce kawai: a 1999 likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada ta, suka ga tana kai magani huhun yaro kamar na'urar kanti. Daga baya na karanta ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya: a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kashe 455,000, galibi a ƙasashe marasa ƙarfi.

Abin da ke damuna shi ne, lakwal ɗinmu ba ta da ma'aikacin jinya, kuma ban taɓa ganin ta ƙauye mai shi ba. Kulawar kyauta da aka kawo a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce. Ɗan lakwal ya wuce nan. Ke nan mintoci goman farko suna hannun wanda ke tsaye a wurin: mushe, mai ƙosai, ko kai da ni.

Su ya kamata a koya wa abin da madam ta koya mini. A zaunar da yaro. A kore taro da hayaƙi. A ba shi maganinsa ta gora. In ya kasa magana, ko leɓɓansa suka canza launi, ko maganin bai yi ba, a nufi likita ba jira. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai yawan tashin fuka kuma a kai shi a duba, don akwai wani maganin shaƙa na kullum mai hana ta tashi.

Ƴan uwa, hutu na tafe. Kowa ya je wurin majo na CSI ɗinsu ya roƙi a nuna masa, sannan ya kai wa mushen ƙauyensu. Ni na yi bara. Mushenmu ya rubuta komi a bayan littafin kiran suna.

Auta tana CEG yanzu. Gorarta na cikin jaka, kusa da littafin lissafi.