Luka Dončić da cinikin da Dallas ta yi ba ta je kasuwa ba

1/ Ni mai goyon bayan Dallas Mavericks ne, kuma har gobe ina cewa musayar Luka Dončić asara ce. Na san wasu za su ce "ai kun samu Cooper Flagg, ku yi shiru." Za mu zo kan wannan. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Ga ƴan ƙwallon ƙafa tukuna. A NBA ƙungiya ba ta sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a Firimiya. Musaya ake yi, a ba da ɗan wasa a karɓi ɗan wasa, a haɗa da damar zaɓen sabbin matasa na shekaru masu zuwa. Yawanci ba a neman yardar ɗan wasan. Sai dai ya ji a waya cewa ya tattara kayansa.

3/ Haka aka yi wa Luka ranar 2 ga Fabrairun 2025, ana tsakiyar kaka. A nan gida da asubar Lahadi labarin ya fito. Da ɗan jarida Shams Charania ya wallafa, mutane da yawa sun ɗauka an yi masa kutse ne a shafinsa. Ni kaina sai da na karanta sau uku.

4/ Ga cinikin. Lakers ta karɓi Luka da Maxi Kleber da Markieff Morris. Dallas ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da zaɓen zagayen farko guda ɗaya tal, na 2029. An saka Utah Jazz a ciki don lissafin ya daidaita.

5/ Wa aka bayar? Yaro ɗan shekara 25 a lokacin. Sau 5 a jere yana shiga jerin mutum biyar mafiya ƙwarewa a gasar. A kakar 2023-24 shi ya fi kowa zura maki, 33.9 a kowane wasa. Ya taɓa zuba wa Atlanta maki 73 a dare ɗaya. Wata takwas kafin musayar shi ya ja mu zuwa wasan ƙarshe da Boston.

6/ Zan yi wa shugabannin adalci, suna da hujjarsu. Babban manaja Nico Harrison ya ce tsaron gida ne ke kawo kofi, kuma gaskiya Luka ba gwanin tsaro ba ne. Ya ji rauni a sha-raɓa tun ranar Kirsimeti, ana ta rahotannin ƙorafi kan nauyin jikinsa. Ga kwantiragin dala miliyan 345 na shekara 5 da ke jiransa a bazara.

7/ Shi ma Davis ba ƙaramin ɗan wasa ba ne fa. Ya ci kofi da Lakers a 2020, kuma idan yana da lafiya samun mai tsare kwando kamarsa sai an tona. Ban da wata matsala da shi. Amma shekararsa 31 a lokacin, kuma duk mai kallon NBA ya san tarihin rauninsa.

8/ Yanzu ga inda abin ke min ciwo. A ce ma dole sai an rabu da Luka. Wanda zai sayar da bijimin da ya fi kowanne a garke, kara yake kai shi, dillalai su taru, kowa ya taya. Dallas da Lakers kaɗai ta zauna, a ɓoye. Sauran ƙungiyoyi a waya suka gani kamar ni da kai.

9/ Ku duba farashin kasuwa. A 2023 Brooklyn ta karɓi zaɓen zagayen farko 4 da Mikal Bridges da Cam Johnson a kan Kevin Durant, yana da shekara 34. A 2024 ta sake karɓar guda 5 daga New York a kan Bridges ɗin. Luka kuma guda 1. Haba jama'a.

10/ Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Davis ya fara wasa da Houston, ya yi maki 26, ya fita da rauni kafin a tashi. Farkon Maris Kyrie Irving ya tsinke jijiyar gwiwa. Muka gama kaka da nasara 39, rashin nasara 43, Memphis ta tare mu a ƙofar shiga wasannin neman kofi.

11/ Raunin Kyrie ƙaddara ce, ba na ɗora wa kowa. Amma idan ka gina ƙungiya a kan mutum biyu da duk sun haura 30, ka rage wa kanka lokaci da hannunka. Da Luka muna da shekara goma a gaba. Da Davis da Kyrie, biyu ko uku.

12/ Ranar 9 ga Afrilu Luka ya dawo Dallas da rigar Lakers. Aka haska masa bidiyon tunawa, ya zauna yana hawaye, sannan ya tashi ya zuba mana 45. Ƴan kallon Dallas shi suke yi wa tafi. Ni ma a ɗakina cikin tsakar dare ban san wa nake so ya ci ba, wallahi.

13/ To maganar Flagg. Dallas ta samu zaɓe na ɗaya ne ta hanyar ƙuri'a, damarta kashi 1.8 cikin ɗari. Mun gode Allah, yaron yana da kyau. Amma mutumin da ya sayar da gonarsa a banza, ya tsinci kuɗi a hanyar komawa gida, ba za a kira shi gwanin ciniki ba. A Nuwamban 2025 ƙungiyar da kanta ta sallami Harrison.

14/ Akwai asarar da ba ta shiga lissafin maki. Dirk Nowitzki ya yi kaka 21 a Dallas, ya kawo kofin 2011, gunkinsa na tsaye a gaban filin wasa. Da yawanmu saboda wannan amana muka zaɓi ƙungiyar, muna ganin Luka zai gaje shi. Yanzu idan Flagg ya kai 25, kwantiraginsa ya yi tsada, me zai sa in saki jiki?

15/ Ina nan dai tare da Mavs, zan ci gaba da hana idona barci ƙarfe biyu na dare. Rigar kowa ce dai ba zan yi saurin saya ba. Ƴan Lakers na san kuna nan kuna dariya, ku shigo ku faɗa min tsakani da Allah: da ku ne, nawa za ku karɓa a kan Luka?