Ɗaki Ba Ya Wari Banza

Ni ɗan Damagaram ne. Na tashi a garin da ake shanya riga da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙarau, garin da ruwan da ke sauka a shekara yake kimanin milimita 400, kuma da hunturu leɓe kan tsage saboda tsabar bushewar iska. Don haka da aiki ya kawo ni Duwala ta ƙasar Kamaru a 2016, na zo da fargabar abubuwa da dama, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ruwan da ido ba ya gani zai zame mini abokin gaba ba. A nan ruwan shekara yakan zarce milimita 3,500, a watan Yuli da Agusta kuwa sai a yi kwanaki ba a ga rana ba.

Daga cikin kayan da na taho da su akwai wata tsohuwar adaka. A cikinta akwai zanen saƙi na mahaifiyata, da wasiƙu goma sha biyu da mahaifina ya rubuto mini da ajami lokacin ina makaranta. Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya. Na tura adakar ƙarƙashin gado, na jingina ta da bango, na sakankance cewa na adana ta.

Da damina ta kankama sai wani wari ya soma tashi a ɗakin, irin na tsohon tsumma da ya kwana cikin ruwa. Uwargida ta yi abin da kowace mace ta gari za ta yi, wato ta hura kasko ta zuba turaren wuta safe da yamma. Ƙamshi ya yi awa biyu, wari ya dawo. Ana nan sai ƙaramar ƴarmu ta kama tari, wanda ba ya tsananta sai cikin dare. Da muka kai ta likita, tambayar farko da aka yi mana ita ce ko akwai funfuna a inda take kwana.

A daren nan na jawo adakar. Bangon da ke bayanta ya yi baƙi, zanen ya yi dabbare-dabbare da kore, wasiƙu uku sun manne da juna, tawadarsu ta narke. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ashe wata uku muna yi wa ɓarna turare." Ban iya ce mata komai ba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, ɗaki ma ba ya wari banza. Daga baya na fahimci cewa iska mai ɗumi ta fi mai sanyi riƙe ruwa: a zafin digiri 30, mita ɗaya ta kowace fuska na iska tana iya ɗaukar kusan giram 30 na tururi, a digiri 20 kuwa kimanin giram 17 kawai. Idan iskar nan ta taɓa bango ko daɓe mai sanyi, sai ta sauke ruwanta kamar raɓa. Funfuna kuwa tana samun gindin zama idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 60 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da jagora a 2009, inda ta danganta zama cikin gida mai laima da funfuna da tari da kuma tashin ciwon asma.

Na sayi ɗan ƙaramin ma'aunin laima na rataye a ɗakin. Allurarsa ta tsaya a kan 85. Sai muka fara da abin da ba ya cin kuɗi da yawa. Muka sa aka toshe yoyon kwanon rufi, aka karkatar da indararo daga gindin bango. Muka janye gado da akwatuna tazarar taƙi ɗaya daga bango, muka ɗora su a kan katako. Muka daina shanya wanki cikin ɗaki, muka goge bango da ruwan jabel, tagogi a buɗe, ba tare da gauraya shi da wani maganin wanki ba, domin haɗin yana iya ta da hayaƙi mai guba.

Wari ya ragu, amma ma'auni bai sauka sosai ba, tun da iskar waje ita ma jiƙe take. A nan ne na nemi na'urar tsotse laima, wadda ake kira déshumidificateur da Faransanci. Fanka ke jawo iska ta bi ta kan bututun ƙarfe mai sanyi, ruwa ya taru ya ɗiga cikin mazubi, iskar ta fito a bushe. A Amurka, inda gidaje da yawa ke da hanyoyin iska cikin rufi, akan haɗa babbar na'ura guda da ke busar da gida baki ɗaya, ruwanta ya bi tiyo zuwa magudana. Gidajenmu na haya ba su da wannan tsari, sai na sayi ta ɗaki guda. Sharaɗinta shi ne a rufe ƙofa da taga yayin da take aiki, in ba haka ba garin Duwala duka za ta yi ta ƙoƙarin busarwa. Tana shan wutar lantarki, ba na ɓoyewa, shi ya sa muke kunna ta da dare kawai.

Washegarin ranar farko na zare mazubin na tarar da ruwa ya kusa lita huɗu. Na daɗe riƙe da shi ina kallo, ina tuna yadda a Damagaram mutane kan yi sammako neman ruwa, ga shi nan kuma ina tatsar shi daga iskar ɗakin kwanana. Cikin mako biyu allura ta sauko kusa da 55, tarin yarinya kuma ya lafa.

Ya ku ƴan'uwa da kuka baro ƙasar tudu zuwa bakin teku, kada ku jira hanci ya saba. Wasiƙu tara suka rage mini. Duk ranar da rana ta fito nakan baza su a inuwar baranda su sha iska, ƴata na zaune gefe ina koya mata karanta hannun kakanta.