Rigar Abban Yara

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin gidana ne, kuma wadda ta jawo shi mage ce.

Sunanta Pele. Kada ku yi dariya, ba ni na raɗa mata ba. Marigayi Abban yara ne ya tsinto ta tana 'yar jaririya a bakin kwata a 2014, shekarar da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Nijeriya karo na uku a jere. Don murna ya sa mata laƙabin Rabi'u Ali. Na ce, "Malam, mace ce fa." Ya ce ai ƙwallo ba ta san wannan ba.

A shekarar ya sayi jesinsa mai ruwan ɗorawa da kore. Duk ranar wasa sai ya saka ta, ya kunna rediyo, magen na kan cinyarsa, yana ba autanmu labarin yadda Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, kamar da shi aka buga. Kullum alƙawarinsa ɗaya ne: "In ka shekara goma zan kai ka Ƙofar Mata."

Allah bai nufa ba. Ya rasu a 2023, saura wata biyar yaron ya cika goman.

Ina fita takaba na ninke rigar na kulle a akwati, na hana kunna wasa a gidan, wai ni a dole ina kare zuciyar yaro. Shi kuwa sai ya daina magana. Ba rashin kunya, ba kuka, daga "to" sai "a'a". Ni da nake cika littafi da hirar masoya, na rasa kalma ɗaya da zan faɗa wa ɗan cikina.

Wata rana na buɗe akwatin neman takarda, na manta ban rufe ba. Da na dawo daga kicin sai na iske Pele kwance a kan rigar, ta ja zaren hannun da farce ya warware. Wallahi tsintsiya na ɗauka. Sai na ji an riƙe min zani.

"Umma, kada ki dake ta. Ƙamshin Abba take nema."

Jikina ya yi sanyi. Ashe shi ma yakan je ya zauna kusa da akwatin in ba na nan.

Ranar Lahadi na kira ƙanena, na ce ya zo ya raka mu filin wasa na Sani Abacha. Ya ce, "Yaya, ke da kanki?" Na ce ni da kaina. Na zura hijabi, yaro ya zura rigar ubansa har gwiwa, muka tari adaidaita sahu. Tun daga bakin ƙofa ganguna ke tashi, ga masu gyaɗa da rake, ga ihun "Sai masu gida!" Ni dai ban san me ake busa wa usur ba, kuma tsoron turmutsutsu bai bar ni ba. Amma da ƙwallo ta shiga raga, na ga ɗana a tsaye kan kujera yana ihu har muryarsa ta dishe. Na sunkuyar da kai na yi kukan da ban yi ba tun ranar uku.

Da daddare shi ya kawo shawarar. Muka yanke hannun da ya lalace, na ɗinke wuya da gefe a keken ɗinkina, muka cusa audugar rimi, ya ɗinke bakin da zare da allura, ɗinkin duk a karkace. Tikitin shiga kuma muka naɗe a leda muka tura ciki. Rigar Abba ta zama matashi.

Yanzu a falo yake. Ya yi dauɗa, an wanke, ya fara koɗewa. Rigima ɗaya ce ta rage a gidan: wa zai kwanta a kai, yaro ko mage? Yawanci tsohuwar ce ke cin nasara.

'Yar'uwa, in kina da irin wannan akwatin, ki duba ko akwai mai zama kusa da shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana zuri'a. Amin.