Bayan An Karɓi Hula

Akwai wani dattijo a Adjamé, cikin birnin Abijan, mutumin ƙasar Maraɗi ne. Ya zo Kodebuwa a 1961 yana saurayi, ba shi da komai sai ɗan karatun da ya samu a makarantar mishan. Ya sami aikin duba tikiti a jirgin ƙasa na RAN, wanda yake tashi daga tashar Treichville zuwa Wagadugu, tafiyar fiye da kilomita 1,100. Kowace asuba yakan sa kaki da hula, ya shiga bas na SOTRA, ya ƙetare gada. Cikin zango ba mai kiran sunansa na yanka, sai dai Baban Jirgi.

A 1994 ya cika shekara 55, shekarun ritaya ke nan a lokacin. Aka yi masa godiya, ya mayar da hula. A watan Janairu na shekarar kuwa aka karya darajar sefa, abin da 50 take saya na kuɗin Faransa ya koma sai da 100. Fansho ya ƙanƙance tun bai shiga hannu ba.

Amma ba kuɗi ne ya fi damunsa ba. Asuba takan tashe shi kamar dā, ya zauna bakin gado, ba inda za shi. Sa'ad da yara suka ce Baban Jirgi, sai ya ji kamar ba'a ce, gama jirgi yana tafiyarsa ba tare da shi ba. Ya ce zai koma gida. Ya yi wata uku a ƙauyensu, aka karɓe shi da kyau, amma irin karɓar baƙo. Tsaransa sun rasu, gona tana hannun 'ya'yan ƙanensa, 'ya'yansa kuwa Faransanci da Julanci suka fi ji. Ya komo Adjamé yana tambayar kansa ko shi wane ne.

Wata rana da hantsi yana zaune kusa da tashar motoci, sai ga waɗansu samari masu sayar da garba. Garba dambun rogo ne da soyayyen kifi, wanda mutanen Abijan suka sa wa sunan 'yan Nijar masu sayar da shi. Ɗaya daga cikinsu yana kwance a rumfa, zazzaɓi ya kama shi kwana biyar. Suna tsoron asibiti, domin ba su jin Faransanci, kuma a shekarun nan ana tambayar baƙi katin zama.

Suka ce, "Baba, ko za ka taimake mu?"

Ya ce, "Ku ɗauko shi, 'ya'yana."

Ya kai shi babban asibitin Treichville, ta gadar nan da ya ƙetare shekara 33. Ya fassara wa likita, ya karanta takardar magani, ya kwana kan benci. Yaron ya warke. Daren nan dattijon ya gane wani abu: hula ce kawai aka karɓa. Harsunan da ya koya cikin taragu, da sanin ƙofofin ofisoshi, da haƙurin magana da mai fushi, duk suna nan tare da shi.

Daga nan ya sa tebur a ƙofar gida. Yana rubuta wa samari wasiƙa zuwa Maraɗi da Tawa, yana raka su neman takardu, yana ajiye musu kuɗi, kowa da shafinsa cikin littafi. Da yamma yana koya musu karatu. Yawancinsu Musulmi ne, shi kuwa Kirista, amma amana ba ta tambayi wannan ba. Fanshonsa bai ƙaru ba, wani lokaci ma daga ciki yake biyan kuɗin mota. Duk da haka asuba ta sāke zama abokiyarsa.

'Yan'uwa, a cikinku akwai waɗanda ranar mayar da hula ta yi musu kusa. Kada ku jira ta zo kafin ku duba abin da aiki ya bari a hannunku, da wanda yake bukatarsa a ƙofar gidanku. Ku kuma matasa, in kun ga dattijo zaune shiru, ku je ku roƙe shi taimako. Wataƙila abin da yake jira ke nan.