Kifin Da Ya Zama Dutse

Cikin abubuwan mamaki da Ubangiji ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa akwai kifin da ya zama dutse. Wanda bai taɓa gani ba sai ya ce tatsuniya ce, alhali kuwa gaskiya ne. Kifi ya kan mutu ya nutse cikin laka, laka ta rufe shi tun bai ruɓe ba, wata lakar ta hau bisa wata, har bayan zamani mai tsawo ta taurare. Naman ya tafi, amma ƙaya da haƙora da ɓawo su kan wanzu, ma'adinan ƙasa su shige su, su mai da su dutse. To, da ya ke masu sha'awa suna biyan kuɗi mai yawa a kan irin wannan, sai maha'inta suka shiga ƙera na ƙarya. Ga yadda mutum zai rarrabe na gaske da na jabu tun bai kwance bakin aljihunsa ba.

Mu fara da sanin ƙasarmu. Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 70 zuwa 60 da suka wuce wani reshen teku ya keto Sahara daga arewa, ya biyo ta inda Mali da Nijar su ke yanzu, ya malale ƙasar Sakkwato. Shaidarsa tana nan a Dukamaje da Wurno da Dange. Farin dutsen Kalambaina ma, wanda a ke yin siminti da shi, cike ya ke da ɓawon halittun teku. A 1934 wani masani na gidan tarihin London, mai suna Errol White, ya wallafa littafi a kan kifayen dutse na Lardin Sakkwato. Abin lura shi ne yawancin abin da a ke samu a waɗannan wurare gutsattsari ne: haƙoran kifin shak, da gaɓoɓin ƙashin baya, da guntayen ƙaya a warwatse.

Mu kuwa a nan ƙasar Bagudo, akwai wani shimfiɗin dutse da masana suka raɗa wa sunan garinmu na Illo. Shi ya girme wancan teku, kuma koguna ne suka tara shi, yashi da tsakuwa da yumɓu. Ruwa mai gudu da tsakuwa ba ya barin gawar kifi a haɗe, farfasa ta ya ke yi. Saboda haka in wani ya nuna maka kifi cikakke, daga baki har wutsiya, kwance a kan allon dutse mai santsi, ya ce a bayan Illo ko Kaoje ya tono shi, to, ka yi hattara. Cikakkun kifaye irin wannan an fi samunsu a Barazil da Labanon da Sin da Amurka, inda laka mai laushi ta kwanta cikin ruwa marar motsi.

Mu mutanen bakin iyaka ne. Ta Tsamiya da Lolo fatake su kan ƙetaro daga Jamhuriyar Benin da kaya iri iri, kuma abin da ya ratso hannu goma kafin ya iso gare ka, da wuya mai sayarwa ya san asalinsa. Na taɓa tarar da wani ɗan koli a wata kasuwar iyaka, ya baza duwatsun wuya da zobba, a tsakiyarsu ga wani allo mai siffar kifi. Wani tsohon Basarke da ke tsaye kusa ya karɓa, ya juya shi, ya ce, "Malam, kan nan da jikin nan ba na kifi ɗaya ba ne. Shekarata hamsin ina su, ban taɓa ganin kifin da ƙashin bayansa ya kauce wa kansa ba." Da muka duba da kyau sai ga siririn layi a wuya, inda aka liƙa dutse biyu. Tsohon nan bai taɓa shiga aji ba, sanin kifi ne ya yi masa jagora.

Wannan ita ce ƙa'ida ta fari. Kowa ya ci kifi ya san ƙaya. Ka bi ƙashin baya da ido daga kai zuwa wutsiya, ka ga ko gaɓoɓin suna bin juna suna raguwa a hankali. Ka duba ɓawo, gama ɓawon kifi ya kan hau juna ya nufi wutsiya, ba ya juyawa a tsakiyar jiki. In girman ɓawo ya sake farat ɗaya, kifi biyu aka haɗa.

Ta biyu, ka fita da shi rana, ka karkata shi haske ya bugo ta gefe. Ƙashi na gaske yana da tudu da kwari, yana yin 'yar inuwa, kuma da gilashin ƙara girma za ka ga zare-zare da ƙananan ƙofofi a jikinsa. Fenti kuwa a shafe ya ke, wani lokaci har da sawun buroshi. A kan fiffike da wutsiya aka fi yin wannan algus, don su ne suka fi saurin lalacewa. In mai kaya ya yarda, ka ɗiga maganin goge jan farce a auduga ka shafa a gefe. Fenti zai biyo audugar, launin dutse ba ya tashi.

Ta uku, ka juya bayansa. Tsagar da ta bayyana a baya amma ta ɓace a gaba, an cike ta ne an shafe. Ka ɗora shi a kumatunka: dutse yana da sanyi da nauyi, abin da aka zuba da roba kuwa ba shi da su, kuma sau da yawa za ka ga 'yan ramukan kumfa a fuskarsa. In ka ga kifi biyu a shimfiɗar mutum ɗaya, lanƙwasarsu ɗaya, tabonsu ɗaya, to, daga mazubi ɗaya suka fito. Ba a taɓa yin kifi biyu da suka mutu iri ɗaya ba.

Ta huɗu ita ce tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. A ina aka tono shi? Wa ya tono? Me aka gyara? Gyara ba laifi ba ne, don dutse ya kan karye wajen haƙa a liƙe shi. Laifin shi ne ɓoyewa. Mai gaskiya zai nuna maka wurin liƙi da yatsansa, maha'inci kuwa sai ya hau rantsuwa yana gaggauta ka. Ka kuma sani ƙasashe da yawa sun hana fitar da irin waɗannan duwatsu sai da izini, don haka ka nemi ganin takarda, kada ka sayi rigima da kuɗinka.

Kada wani ya ce ƙauyawa kaɗai a ke cuta. A 1999 mujallar National Geographic ta Amurka ta yi shelar wata halitta da aka fito da ita daga Sin, wai rabi tsuntsu rabi dabba mai rarrafe, wadda aka saya dala 80,000. Ba a daɗe ba aka gane ƙasusuwan halittu dabam dabam ne aka harhaɗa da gam. A Maroko ma a kan ɗauki haƙora na gaske a dasa cikin muƙamuƙin da aka ƙera da hannu. Abin da ya ruɗi masu sayen duka ɗaya ne, watau son abin da ya cika kyau.

Ni a ganina haƙori guda mummuna, wanda aka san ramin da ya fito, ya fi kifi cikakke marar asali daraja. Dutsen nan kamar wasiƙa ne daga zamanin da ya shuɗe, wurin da aka same shi kuwa shi ne adireshinsa. Kai da ka koyi karatu da rubutu, in ka tsinci irinsa a gona ko wajen haƙar rijiya, ka rubuta sunan wurin, da zurfin ramin, da kwanan wata, ka ajiye tare da shi. Sa'an nan ka nuna wa malaman ilmin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su ne za su karanta maka abin da ke ciki. Allah ya kiyashe mu da cuta da cutarwa, amin.