Littafin da Ke Tsufa Cikin Kwana 28

A fagenmu na nazarin Hausa, tsufan littafi daraja ce. Wanda ya mallaki ƙamusun Bargery bugun 1934 da wuya ya bayar da shi aro, kuma ba a zargin ɗalibi don ya kafa hujja da shi. Da wannan tarbiyya na tunkari takardun wani ƙanena, ɗan Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo, wanda ke koyon tuƙi a Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Nan na tarar da al'adar karatu wadda tsohon bugu a cikinta abin tsoro ne.

Takardun nasu hawa-hawa ne. A sama akwai ƙa'idojin hukumar ICAO, waɗanda suka samo tushe daga Yarjejeniyar Chicago ta 1944. Ƙarƙashinsu akwai dokokin hukumar NCAA ta Nijeriya, da aka sake bugawa a 2015, sannan a 2023. Sai kundin bayanan sararin samaniyar ƙasa, mai ɗauke da tsawon titin saukar kowane filin jirgi, da mitar rediyon hasumiyarsa, da hanyoyin da ake bi a sama. Muhimman gyare-gyarensa suna fara aiki ne a kan zagayen kwana 28 da duniya ta amince da shi. Daga ƙarshe akwai gajerun sanarwa da ake kira NOTAM, waɗanda wata ba ta wuce sa'o'i kaɗan.

Saboda haka ba a ɗinke bugun takarda na wannan kundi. Warwaren shafuka ne, kamar Alƙur'anin rubutun hannu a cikin gafakar malam. Sai dai malam ba ya canza warƙa sai ta yage, kuma abin da ke tsohuwar shi zai kwafa a sabuwar. Matuƙi kuwa zare lafiyayyen shafi yake yi ya jefar, domin lambar da ke kansa ta daina aiki. Kiran hasumiya a tsohuwar mita magana ce da iska.

Ana iya cewa intanet ta kashe wannan matsala. A inda sadarwa ke tsaye, ta rage ta ƙwarai. Amma idan ya zo hutu gida, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma wayar kan kwana wurin mai caji, abin da yake karantawa fayil ne da ya sauke makonni da suka wuce, ko wanda wani na gaba da shi ya turo ta WhatsApp. Fayil da aka sauke bugu ne shi ma, illa dai ba ya nuna shekarunsa. Takarda takan yi ja, gefenta ya lanƙwashe, ta sa mai karatu shakka. Fayil na 2015 kuwa tas yake fitowa a fuskar waya, kamar jiya aka rubuta shi. A ganina, tambayar da ta fi "takarda ko waya?" nauyi ita ce: wace rana ce a ƙasan shafin?

Shi ya raba aikin gida biyu. Abin da ke sauyawa ba ya yarda da shi sai ya duba tushensa a intanet. Abin da ba ya sauyawa, kamar ilimin yanayi da yadda fiffike ke ɗaga jirgi, a takarda yake karanta shi, da fensir a hannu.

Fensirin nan ne ya fi jan hankalina. Harsunan aikin ICAO shida ne, babu Hausa a ciki, kuma da Ingilishi zai yi jarrabawa. Duk da haka gefen shafukansa cike yake da sharhi irin na ɗaliban zaure: "iskar gefe" a nan, "fiffike ya saki iska" a can. Waɗannan kalmomi ba kwamitin fassara ne ya ƙirƙiro su ba, bukatar ganewa ce ta haife su, kuma duk shafin da ya tsufa da su yake tafiya kwandon shara. Na roƙe shi ya riƙa tara mini irin waɗannan shafuka. Ya amince, bisa sharaɗin sai ya ja wa kowanne jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa kafin ya bar hannunsa.