Ranar da muka daina kiran ƙanena Injiniya

Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin in yanke shawarar rubuta ta, domin ta shafi sirrin gidanmu. Sai da na nemi izinin ƙanena, wanda shi ne mai labarin, ya ce mini: "Yaya, rubuta, amma ka sakaya sunana da na makarantar." Na yi masa alkawari, saboda haka ku yi mini uzuri idan ba ku ga sunayensu ba.

Mahaifinmu limamin unguwa ne a Damagaram, ni ne kuma babban ɗansa. Na yi allo a zaurensa, na yi madarasa, na wuce koleji da lise, daga nan na kama kasuwa domin in tallafi gida. Ƙanena kuwa Allah Ya hore masa kan lissafi tun yana ƙarami. Ya ci jarrabawar bak a ɓangaren kimiyya, ya samu gurbi a wata makarantar injiniyoyi da ke Yamai, a fannin wutar lantarki. Tun ranar da sakamako ya fito sunansa na yanka ya ɓace a unguwarmu, kowa sai Injiniya. Idan ƙwan fitila ya mutu a masallaci, almajirai su ce a bari Injiniya ya zo hutu. Ni ne na fi kowa rera masa wannan suna, domin ina ganin a kansa zan ci karatun da ban samu na yi ba.

Tsakanin Damagaram da Yamai tafiyar kimanin kilomita 900 ce, don haka a waya muke gaisawa. Tambayoyinmu ba sa wuce uku: kana lafiya, kuɗin abinci sun ƙare, yaya karatu? Amsarsa ga ta ƙarshe kullum ɗaya ce, alhamdu lillahi, mu kuma mu ce madalla. Shekara guda cur muka yi a haka, babu wanda ya taɓa tambayarsa wane darasi ne ya fi ba shi wuya, ko da wa yake zaman bita.

Da babban hutu ya zo sai ya aiko cewa ba zai samu zuwa gida ba, wai yana koyon aiki a wani kamfani. Ana nan sai sayayyar kaya ta kai ni Yamai, na biya ɗakinsa ba tare da na sanar da shi ba. Na tarar da shi kwance da rana tsaka, ya rame, ga jakarsa a ɗaure. Ban gama zama ba ya miƙo mini wata takarda da ya ninke cikin littafi. Sakamakon shekararsa ce: ya faɗi zango na farko, ya faɗi na biyu, jarrabawar cike giɓi da ake ba waɗanda suka faɗi kuwa ko ɗakin bai shiga ba. Jakar da na gani ta tafiya ce, ya riga ya yi magana da wasu samari za su wuce wuraren haƙar zinariya a arewacin Agadas. Da na ce me ya hana shi faɗa mana, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, da wane ido zan dubi Malam?"

Ba zan ɓoye muku ba, fushi ne ya fara zo mini. Na shiga lissafa masa kuɗin haya da na littattafai, da tunkiyar da Inna ta sayar domin a saya masa kwamfuta. Ya yi shiru har na gaji. Da dare na kasa barci, ina tuna cewa yaron nan ya gwammace ya shiga ramin zinariya a tsakiyar sahara da ya faɗa mana gaskiya, kuma mu ne muka sa faɗin gaskiyar ya yi masa nauyi haka. Da gari ya waye na ce ya tashi ya kai ni makarantarsu.

Muka yi sa'a muka samu malamin da ke kula da harkar karatun ƴan ajin farko, dattijo mai sanyin magana. Da ya fahimci cewa ban san tsarin karatun ba, sai ya fara da ni. Ya ce yawancin manyan makarantunmu suna bin tsarin da ake kira LMD, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Bolonya a 1999, ƙasashen ƙungiyar UEMOA kuma suka amince da shi a 2007. A wannan tsari digirin farko, wato lisansi, shekara 3 ne, an raba shi zango 6. Kowane zango yana da awon karatu 30 da ake kira kiredi, sai ɗalibi ya tara 180 kafin a ba shi takarda. Ana cin darasi da maki 10 cikin 20. Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne da ya ce rukunin darussan da ɗalibi ya riga ya ci ya zama nasa, ko ya maimaita shekara ba zai sake su ba. Ƙanena ya yi shekara a makarantar yana zaton wanda ya faɗi ya rasa kome.

Daga nan ya shimfiɗa takardar a kan tebur yana bin ta layi layi da alƙalami. A aikin hannu na ɗakin gwaji ƙanena yana da 13 da 14, a zanen injiniya 12, a lissafi 5, a darasin lantarki 6. Malamin ya ce wanda ya samu 14 a ɗakin gwaji ba malalaci ba ne, akwai dai wurin da igiyar ta tsinke. Ya rubuta tambayoyi uku daga karatun ajin ƙarshe na lise, ya ba shi rabin sa'a. Biyu ya warware su nan take, ta uku ko farawa bai iya ba. Tambayar ta shafi wani babin lissafi da ake kira nombres complexes da Faransanci. Ashe a shekararsu ta ƙarshe a lise lokaci ya ƙure kafin a karantar da babin yadda ya kamata, ya haddace ƴan misalai ya shiga bak, Allah Ya taimake shi. Malamin ya bayyana mini cewa wutar da ke zuwa gidajenmu tana sauya alkibla ne, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda, kuma da wannan babin ake lissafinta. Wanda bai riƙe shi ba, duk abin da aka ɗora a kai zai riƙa jin sa kamar baƙon harshe.

Sai ya tambaye shi yadda yake karatu. Ƙanena ya ce yakan rufe ɗaki shi kaɗai daga isha'i har tsakar dare, yana maimaita amsoshin da aka riga aka warware har ya haddace su. Ya ce a babban ɗakin lacca can baya yake zama, bai taɓa ɗaga hannu ba, domin yana jin kunyar Faransancinsa a gaban ƴaƴan birni, kuma shi da ya saba zuwa na ɗaya a lise yana ganin tambaya faɗuwar girma ce.

A nan malamin ya ba mu labarin wani malamin lissafi a jami'ar Bakale ta jihar Kalifoniya a Amurka, mai suna Uri Treisman. A tsakiyar shekarun 1970 ya lura cewa baƙaƙen fata da suka shigo jami'ar da sakamako mai kyau suna yawan faɗuwa a lissafin shekarar farko, alhali ɗalibai ƴan asalin Sin suna cinyewa. Ya bi yadda kowane ɓangare ke karatu, ya gano cewa na farkon suna ƙoƙari matuƙa amma kowa shi kaɗai, na biyun kuwa bayan kowa ya yi nasa sukan haɗu su gwada amsoshi, su gyara wa juna kuskure. Sai ya kafa zaman bita na rukuni inda ake ba ɗalibai tambayoyi masu wuya su warware tare, sakamakonsu ya gyaru, wasu jami'o'i da dama kuma suka kwaikwayi tsarin. Malamin ya dubi ƙanena ya ce: "Ɗana, ciwonka tsoho ne, kuma an san maganinsa."

Abin da ya tsara masa ba shi da yawa. Zai maimaita shekara, amma darussan da ya faɗi kaɗai zai ɗauka. Kafin a koma makaranta zai ɗauko littafin lissafinsa na lise ya bi babin nan daga farko. Zai shiga rukunin ɗalibai huɗu da ke zama sau uku a mako tare da wani ɗan aji uku. Duk bayan mako biyu zai zo ofis da tambayoyin da suka gagare shi, a rubuce, tare da inda ya tsaya a kowace. Malamin ya ƙara sharaɗi ɗaya, ya ce sai an faɗa wa mahaifinsa, domin yaron da ke ɗauke da ƙarya a ka ba shi da sauran wurin ɗaukar karatu.

Muka hau mota tare zuwa gida, muka bi ta Dosso da Dogondutse da Ƙonni da Maraɗi, kusan duk hanyar ba mai cewa uffan. Bayan sallar isha'i, da mutane suka watse daga zaure, muka durƙusa gaban Malam, na yi bayani ƙanena yana kuka. Malam ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki sai ya tambaye ni: "Kai da ka yi karatu a nan, na taɓa ɗora wani a kan Risala bai gama Ahalari da Ishmawi da Iziyya ba?" Na ce a'a, Allah gafarta Malam. Ya ce ko almajiri ya kai Risala, idan ya ji yana tuntuɓe a abin da ya kamata ya sani tun baya, mayar da shi yake yi, kuma bai taɓa ɗaukar wannan abin kunya ba. Ya ce a makarantar allo ma ba a wanke allo sai yaro ya biya a gaban malami an ji da kunne. Sannan ya juya ga ƙanena ya ce: "Laifinka ɗaya ne, ɓoyewa. Namu ya fi naka, domin mun naɗa maka rawani tun ba ka sauke ba." Washegari ya sanar a gida da zaure cewa kowa ya koma kiran yaron da sunan da aka raɗa masa.

Maganar Malam ta sa na ga abin da ke gabana tun ina yaro ban lura ba. A zaurensa babu ɗalibin da zai yi mako yana cikin duhu ba a sani ba, domin kullum sai ya karanta da bakinsa an saurara, kuma yana da abokin bita, manya suna biya wa ƙanana. Ƙanena ya tashi cikin wannan tsari, amma da ya je inda ɗalibai suka yi yawa, malami ba ya iya sanin fuskar kowa, sai ya ɗauki haddar ya bar sauran.

Shekarar maimaicin ba ta zo da sauƙi ba. Ya ga abokan shigarsa sun wuce shi, akwai kuma darasi ɗaya da sai a jarrabawar cike giɓi ya tsallake shi. Amma ya tsallake, ya kammala lisansinsa a shekara 4 maimakon 3. Yanzu shi ma yakan zauna da ƴan ajin farko ranar Asabar. Cikin samarin da suka shirya tafiya arewa tare akwai wani ɗan ajinsu wanda ya tafi, har yau bai koma makaranta ba, kuma ƙanena yana cewa yaron ya fi shi kai. Bambancinsu kawai shi ne ni sayayya ta kai ni Yamai a wannan makon.

Wannan shi ne abin da ke damuna, kuma shi ya sa na yi rubutun nan. Bai kamata makomar yaro ta rataya a kan sa'ar ziyara ba. Malamin nan yana ofishinsa tun farkon shekara, ƙanena bai san aikinsa ba, mu ma ba mu san da shi ba. Ina roƙon shugabannin makarantu su riƙa kiran ɗalibi tun gwajin farko ya nuna rauni, kada a jira ƙarshen shekara, domin wanda ya fi bukatar taimako shi ne wanda kunya ba za ta bar shi ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Ku kuma iyaye da yayye irina, ko ba ku taɓa shiga aji ba kuna iya tambayar da za ta buɗe bakin yaro. Ku ce ya turo takardar sakamakon kowane zango, ku sa wanda ya iya ya karanta muku. Ku tambaye shi darasin da ya fi wahalar da shi, da waɗanda yake bita da su, da malamin da ke kula da ajinsu. Ku faɗa masa tun ranar da zai tafi cewa idan ya faɗi ƙofar gida a buɗe take, kuma ku ne za ku fara ji. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to sai mu koya wa ƴaƴanmu tambaya ta hanyar yi musu ita.

Allah Ya saka wa wannan malami da alheri, Ya jiƙan magabatansa. Allah Ya buɗe wa ƴaƴanmu ƙwaƙwalwa, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya dawo da waɗanda suka bar karatu cikin ƙunci. Amin.